Bunsurun da Ya Koyi Jan Ciki

A can ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare aka shiga fili, akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Karnuka. Ba sunan yabo ba ne. Awakinsa sun haura sittin, amma ba wanda ya taɓa ce masa mai awaki. Karnukan da ke kwance a tsakiyar garken su mutane suka gani, su kuma suka laƙaba masa. Shi ko a jikinsa. In ka kira shi da sunan zai amsa, har ya tambaye ka mutanen gida.

Da can lebura ne, mai ɗaukar bulo a wurin gini. Da bayansa ya ƙi, sai ya sayi awaki huɗu ya koma gida. Cikin shekara uku suka zama goma sha bakwai. Wata safiya ya kora su fili ya dawo shan ruwa, bai daɗe ba, da ya koma ya tarar karnukan juji, waɗanda ke kwana a bayan mahauta, sun faɗa musu. Tara suka kashe. Ba ci suka yi ba, kisa kawai. Ya sami wata tana tafiya tana taka hanjinta, ya sami wata babu rabin fuska amma tana numfashi. Da hannunsa ya ƙarasa su ɗaya bayan ɗaya, wuƙar ma ba kaifi. Sai da ya wanke jikinsa, sannan ya dubi matarsa ya ce, "Kare zan samo."

"Kare? Bayan abin da suka yi maka?"

"Shi ya sa."

A jujin nan dai ya je ya ɗauko kwikwiyo, ko ido bai buɗe ba. Ya kama wata akuya mai shayarwa ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa, ya sa wa kwikwiyon nono a baki. Safe da yamma haka, akuyar na harbi, shi yana zaginta. A cikin awaki kwikwiyon ya buɗe ido, a cikinsu yake kwana, warinsu ya zama warinsa. Ya hana yara taɓa shi, ya hana a kira shi cikin gida. Kafin shekara kare ya tashi bai san shi kare ba ne, kuma duk abin da ya tunkaro garken sai ya bi ta kansa.

Abin da bai hango ba shi ne abinci. Dusa yake dafawa da ƙasusuwa da tarkacen da abokinsa mahauci ke tara masa, ya juye a daro. Ita kuwa akuya, in ta ji ƙanshin dusa, ko wuta ce a gabanta sai ta shiga. Wadda ta ci da yawa cikinta ya kumbura ya yi tauri, washegari a ja gawa. Wannan ma da sauƙi. Wata rana wata ta cusa kai a daron, karen ya cafke ta a kunne ya yage shi. Mai Karnuka har dariya ya yi, ya ce ta ji a jikinta. Kwana takwas bayan nan ya tarar da karen a bayan katanga da ƙafar ɗan akuya a bakinsa. Bayan kwana biyu, wani kuma. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gatari.

Daga ranar ya kafa dokarsa, kuma kowa a gidan ya san ta: duk karen da jinin akuya ya taɓa harshensa, ba zai ƙara kwana a duniya ba.

Sai ya zauna neman yadda zai raba bakin kare da bakin akuya. Ya gwada tsayawa da sanda, awaki suka fi ƙarfin sandar. Ya ɗora daron a kan tebur, suka hau teburin. Daga ƙarshe ya tuna da sana'arsa ta da. Ya gina ɗan ɗaki da bulo a gefen garken, tsayinsa iya ƙirji, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Ya rufe shi da kwano, ya ɗaure da waya, ya danne da duwatsu, don akuya ba ta ganin rufi ta ƙyale. Kwano ɗaya ya bari yana ɗagawa kaɗan, ta nan yake zura daro. Ƙofa babu. Sai wata kafa a ƙasa, tsayinta ɗani ɗaya da yatsu huɗu, wadda kare sai ya kwanta ya ja ciki kafin ya shiga.

"Akuya tana durƙusawa," haka yake gaya wa duk wanda ya zo kallo. "Tana tsalle, tana hawa bishiya ma in ta ga dama. Amma ba ta jan ciki. Girman kai ya hana ta."

Shekara goma sha ɗaya ɗakin nan bai ba shi kunya ba.

A cikin karnukan da ya yi, babu kamar wata ja mai faɗin ƙirji da ake kira Uwar Garke. Ta taɓa tsayawa ita kaɗai a gaban karnukan juji biyar. Ta dawo gida kafaɗarta a buɗe har ƙashi, awaki na biye da ita, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Shi ya ɗinke ta da allura da zare, tana kallonsa, ba ta ko yi gurnani ba. Bai taɓa shafa kanta a gaban mutane ba. Amma matarsa ta san in ya dawo daga tafiya, Uwar Garke yake fara tambaya kafin yara.

Shekarar da ta cika bakwai ta haihu. Ya rarraba 'ya'yan, ya bar namiji ɗaya, aka sa masa Soja. A satin nan kuma wata akuya ta mutu wajen haihuwa ta bar ɗan bunsuru. Ya kai shi gun sauran masu shayarwa, kowacce ta tunkuɗe shi, wata ma ta maka shi da bango. Ya tsaya da ɗan akuya a hannu, ya dubi Uwar Garke kwance nono ya cika mata.

"Malam," in ji matarsa daga bakin murhu, "ka san abin da kake shirin yi kuwa?"

"Awaki sun shayar da ita. Yau ta rama."

"Ni dai ban taɓa gani ba."

"To, yau ki buɗe ido. Nono ai nono ne."

Uwar Garke ta shinshina shi, ta lashe shi, ta gyara kwanciya. Aka sa masa Maraya.

Tare suka tashi da Soja. A tsakanin ƙafafunta yake kwana, in ta ruga bakin shinge shi ma ya ruga. Ranar da suka fara shiga ɗakin ci, Mai Karnuka na tsaye ya ga ɗan bunsurun ya kwanta, ya miƙe ƙafafun baya, ya ja ciki ya bi su. Ya ɗaga kwano ya leƙa: kai uku a daro ɗaya. Ya yi dariya har da hawaye. Ya zura hannu ya ɗauko shi ta wuya don kada cikinsa ya kumbura. Washegari ya sake shiga. Abin ya zama na kallo, har mahauci in ya kawo ƙasusuwa sai ya tsaya ya gani.

"Wai wannan wace irin dabba ce, Mai Karnuka? Ka ba ni shi in raba gardama. Wuƙata ta san kowa."

"Wuƙar taka da ba ta san wanki ba?"

"Ni dai na gaya maka. In ka bar shi, baɗi haushi zai yi, ka rasa mai saye."

"Kai ma ai haushin kake yi, kuma ana saye a wurinka."

Matarsa ce kawai ba ta dariya. Wata yamma ta je ɗauko daro ta tarar da 'yan awaki biyu a ciki suna lasar gindinsa, bayan karnuka sun fita. Ta kira shi ta nuna masa.

"Su kuma wa ya shayar da su? Kallonsa suke yi, Malam. Akuya ba ta da aiki sai kwaikwayo."

Ya ce zai rage kafar. Ya je ya gwada ƙirjin Soja, wanda a lokacin ya fi uwarsa girma, ya ga in ya rage ko yatsa ɗaya ne karen ba zai shiga ba. Ya san maganin, kamar yadda ta sani: Maraya ya tafi gun mahauci. Ya ce sati mai zuwa. Wata shida yana cewa sati mai zuwa.

A tsakanin nan 'yarsa ta ƙarshe, Auta, ta gama jami'a ta dawo gida tana jiran takardun neman aikin da ta aika su yi magana. Yana ji da ita, amma sai ta hanyar tsokana. In ta fito da littafi ya ce, "Malama, a duba mana, shafi na nawa aka rubuta yadda ake kama bunsuru?"

Sai aka rufe mahauta kwana biyu ana gyaran magudana. Ba ƙashi, ba tarkace. Ya dafa dusa zalla, Uwar Garke ta ɗan taɓa, Soja ya shinshina ya juya baya. A rana ta uku mahauci ya aiko da buhu cike, har jini na ɗiga. Da la'asar, bayan awaki sun dawo daga filin da rani ya cinye, Mai Karnuka ya sauke tukunya. Karnukan suna zagaye shi suna rawar jiki, miyau na zuba. Bai ma bari ta gama hucewa ba. Ya zura daron, ya mayar da kwano, ya ɗora duwatsu, ya shiga bayan gida wanka. Kullum yakan tsaya ya ciro Maraya. Ranar dusa ta ɓata masa jiki, ya ce bari ya watsa ruwa tukuna.

Sabulu na kansa ya ji ƙarar. Ba haushi ba ne. Wani gurnani ne daga can cikin ƙirji, sai kwano ya ɗauka yana amsawa, sai kukan akuya irin wanda ya taɓa ji sau ɗaya a rayuwarsa. Ya fito da gajeren wando, kumfa na shiga masa ido.

Rabin garken na kan rufin ɗakin da kewayensa. A bakin kafar kuwa wata babbar akuya ce mai ciki, kanta na ciki, jikinta na waje. Ta ja ciki kamar yadda ta ga ana yi, ƙahoninta suka shige, cikin ya ƙi, ta juya kai ta dawo ƙahonin suka sarƙe a bulo. Ta toshe hanyar gaba ɗaya. Duk abin da ke ciki ba shi da mafita. Ƙafafunta na baya suna harbin ƙasa, jini na fitowa ta ƙarƙashin wuyanta yana bin ƙasa.

"Auta! Ja ta! Kama ƙafafun ki ja!"

Auta ta kama. Akuyar ta harbe ta a ƙirji, ta faɗi, ta tashi ta sake kamawa. Shi kuma ya hau rufin yana jifa da awaki ƙasa, ya ture duwatsu, ya kama waya da hannu yana fizga har ta yanke shi. Ya ɓanɓare kwano biyu. Zafi da wari suka bugo masa fuska.

Awaki shida ne a ciki. Daron ya kife, dusa mai zafi da jini sun cakuɗe sun zama taɓo. Uku sun riga sun daina motsi. Ɗaya na hawa bango tana zamewa, fatar bayanta na reto. Soja na kan fuskar akuyar da ta maƙale, yana fizga yana girgiza kai, kamar ita ce ta hana shi fita, kuma ita ɗin ce.

"Soja! Kai! Soja!"

Karen bai san sunansa ba. Mai Karnuka ya dira ciki hannu rabbana. Ya kamo shi ta fatar wuya, ƙafarsa ta zame a dusa, ya faɗi da gwiwa. Soja ya juyo. Karen da ya ɗauka a tafin hannu yana jariri ya kama masa hannun dama, ya ji ƙasusuwan yatsunsa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Bai ja hannun ba, ya san in ya ja shi ke nan. Ya ƙara tura shi can cikin maƙogwaro, ya kife karen, ya danne masa haƙarƙari da gwiwa. Faratan baya suna tsaga masa ciki da cinya.

"Dutse! Ku ba ni dutse!"

Matarsa ce ta miƙo, ɗaya daga cikin na rufin, da hannu biyu. Ya karɓa da hagu. Ya buga. Ya sake bugawa. Hannunsa na cikin bakin, don haka kowane bugu a jikinsa yake ƙarewa. Bai san sau nawa ya buga ba. Matarsa ce ta yi ta cewa, "Ya mutu, Malam, ya isa, ya mutu," kafin ya ji ta.

Sai wurin ya yi tsit, ban da numfashinsa. A nan ya ji wata ƙara ƙarama a bayansa, ta taunawa. Ya juya.

Uwar Garke na kwance a kusurwa, ƙafafunta na gaba a kan Maraya. Maƙogwaronsa a buɗe. Ta riga ta fasa cikin, tana ci a hankali, ba gaggawa, ba gurnani. Ta ɗago kai ta dube shi, bakinta ja har ido, ta kaɗa wutsiya sau biyu a ƙasa.

Da zanin matarsa aka naɗe hannun. Mahauci ya zo da mota aka kai shi asibiti. Kafin a rufe ƙofar motar ya ce wa abokinsa, "Karyar. Ka san abin yi." Likita ya cire yatsu uku, ya ɗinke sauran, ya yi masa allurai. Kwana biyar aka riƙe shi.

Ranar da ya dawo, bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida, hannu rataye a wuya, ya kasa kunne. Daga bayan gida ya ji motsin sarƙa.

"Wa ya yi wannan?"

Matarsa ta dubi ƙasa. Auta ta fito daga ɗaki, ta rame, idonta ya faɗa.

"Ni ce, Baba. Mahauci ya zo da gatarin, na tsaya a gabanta."

"Kin tsaya a gabanta."

"Yunwa ce. Kwana biyu ba su ci ba, an kulle su wuri ɗaya da awaki shida, ba hanyar fita. Ko mutum ne aka yi wa haka..."

"Mutum zai ci ɗan da ya shayar?"

"Na karanta, Baba. Na tambaya. An ce in a kan abinci ne, ba farauta ba, ana iya gyara su. A raba ta da garke, a ƙosar da ita, a mayar da ita a hankali."

"Su wa suka ce? Awaki nawa suke da su?"

"Shekara takwas tana tsare maka dukiya. Ba ita ta sa bunsuru a ɗakin ba."

"Ke!" in ji uwar. "Ubanki kike gaya wa haka?"

"Ƙyale ta," ya ce. "Gaskiya ta faɗa. Laifina ne daga farko har ƙarshe. Amma Auta, ba ni zan ci ɗan akuya gobe ba."

Ya zagaya bayan gidan. Uwar Garke ta miƙe, ta ja sarƙar iya tsawonta, ta kwanta a gaban ƙafafunsa ta ɗora haɓa a ƙasa. An wanke ta. Gatarin na nan jingine da bango inda mahauci ya bar shi. Ya daɗe yana kallon su biyun. Shi kansa ya san ba maganar Auta ce ta riƙe shi ba, ita dai ta ba shi abin fakewa.

"Sati uku," ya ce, bai juyo ba. "In ta sake, ba na son jin bakin kowa."

Sati uku Auta na ciyar da ita da hannunta, safe da yamma, har haƙarƙarinta suka ɓace. Ita ce kuma ke fita kiwo da sanda, don garken ba shi da mai tsaro. Ta riƙa kawo akuya ɗaya ta ɗaure nesa kaɗan, washegari ta matso da ita. Uwar Garke ko kallo ba ta ishe ta ba. Ranar da aka sake ta, awaki suka watse suka taru a kusurwa suna buga ƙafa. Ta wuce ta tsakiyarsu ta kwanta a wurinta na da. Kafin azahar 'yan ƙanana sun dawo suna hawa bayanta.

Kwana ɗaya, biyu, biyar. Mai Karnuka na bin garken da hannu a wuya, idonsa a kanta. Ya fara cin abinci sosai. Har ya soma tsokanar Auta, ya ce ashe bokon na da rana. Mahauci ya zo ya ga karyar a sake, ya buɗe baki, ya dubi hannun abokinsa, ya rufe.

A rana ta shida, da hantsi, wata akuya ta ware ta kwanta a gindin bishiya tana naƙuda. Uwar Garke ta riga ta ci ta ƙoshi tun safe. Ta tashi ta je ta zauna kusa, kamar yadda ta saba tun da can, don ita ke korar hankaki daga masu haihuwa, ta kuma taya uwa lashe ɗa. Mai Karnuka na tsaye taku goma daga wurin, Auta na gefensa. Ɗan ya faɗo, jiƙe, yana atishawa. Uwar ta juyo ta fara lasa. Uwar Garke ta matso ta kama nata gefen.

"Ka gani, Baba?" in ji Auta a hankali.

Idonsa na kan bakin karyar. Ya ga harshen ya bar baya ya koma cibiya, inda jini yake. Ya ga ta daɗe a wurin. Ya ga ƙafarta ɗaya ta hau kan ɗan ta danne. Ya buɗe baki zai kira ta, bai kai ga sunan ba. Ƙarar ba ta fi ta karya busasshen kara ba. Ta ɗauke shi a baki, ƙafafunsa na reto, ta yi bayan katanga da sassarfa, uwar na biye da ita tana kuka, mahaifa na jan ƙasa.

Auta ta toshe baki da hannu biyu. Shi kuma ya juya ya nufi gida, ba sauri, ya dawo da igiya a kafaɗa da gatari a hagu. Matarsa ta biyo shi har bakin shinge ta tsaya.

Ya yi fito sau ɗaya. Uwar Garke ta fito daga bayan katangar tana lasar baki, ta zo da gudu, wutsiya na kaɗawa. Ya durƙusa ya gwada ɗaura igiyar da hannu ɗaya, ta zame. Ya kama da haƙori, ta sake zamewa.

"Bari a kira mahauci, Malam," in ji matar.

"Ba za ta tsaya masa ba. Auta, zo ki ɗaura."

"Baba..."

"Ba horo nake miki ba. Hannu ne ba ni da shi. Ke take yarda da ke yanzu. Zo."

Ta zo. Ta ɗaura, karyar na lasar mata wuyan hannu. Ya nuna mata ta zagaya igiyar a jikin turke, ta ja har kan karyar ya kwanta a ƙasa, ta naɗe sauran a hannunta.

"Ki juya fuska. Kome kika ji, kada ki saki."

Bai taɓa sara da hagu ba. Na farko ya kauce ya sauka a kafaɗa. Uwar Garke ta yi wani ihu irin na mutum, ta tashi da ƙafafun baya, turken ya girgiza, igiyar ta ci hannun Auta ta ja ta ƙasa da gwiwa. Awaki suka watse.

"Riƙe! Riƙe, Auta!"

Ta riƙe. Na biyu ya sami kunne ya zame. Karyar ta daina ja. Ta kwanta da kanta, ta juyo da ido ɗaya tana kallonsa, tana haki. Ya gyara tsayuwa, ya taka igiyar kusa da wuya, ya ɗaga gatarin har bayansa ya amsa. Na uku ya shiga.

Ƙafafun sun daɗe suna motsi. Ya tsaya har suka daina. Ɗinkin hannunsa ya ɓalle, jini ya huda bandejin yana ɗiga daga gwiwar hannu, bai lura ba. Ya saki gatarin ya zauna a ƙasa, nan kusa da kanta.

Auta na nan durƙushe, fuskarta a juye, tana jan igiyar da duk ƙarfinta. Uwarta ta shigo ta ce ta saki, ba ta ji ba. Sai da ta ɓanɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya. Igiyar ta saɓule mata fatar tafin hannu.

Ya juyo ya dubi Auta. Can bayan katanga akuyar nan ta sake yin kuka, wani iri dabam, gajere, mai nishi. Ya kasa kunne.

"Auta," ya ce. "Tashi ki je ki duba ta. Akwai na biyu a cikinta."